Filaf ko birkin iska, ga amsarka

Ka ce jirgin nan mai kujera biyu da kuka haɗa, in ya zo sauka sai ya yi ta shawagi a saman titi ya ƙi taɓa ƙasa, wai a yanka bayan fiffike a sa masa filaf ne, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukarwa ƙasa lokacin sauka, ko a sa masa birkin iska. Wallahi da ba zan tanka maka ba, don ku yaran yanzu kun kalli bidiyon minti goma a waya sai ku zo kuna yi wa mutum lacca, amma tambayar taka ta fama min wani tsohon miki.

Jirgin da ya ƙi sauka, sau da yawa matuƙin ne ya shigo da gudun tsiya. Piper Cub tun 1938 ba shi da filaf, har yau ana sauke shi a ɗan guntun fili, ka kwantar da fiffike gefe ɗaya ka taka rada, wato fedar juya jela, ɗaya gefen, ya zubo a kaikaice. Wannan ba sai na koya maka ba.

Filaf kuwa in ya sauka lanƙwasar fiffike ta ƙaru, ɗagawa ta ƙaru, gudun sitol, wato gudun da in jirgi ya yi ƙasa da shi fiffike ya daina ɗaukarsa, ya ragu, amma ba yadda kuke zato ba. Ko lambar ɗagawa ta tashi daga 1.4 zuwa 2.0, ragin gudun bai wuce kashi 16 cikin ɗari ba, shi ma in filaf ɗin ya kama duk tsawon fiffike kenan, naku kuwa eliron, wato ɓangaren bayan fiffike da ke karkata jirgi hagu ko dama, ya riga ya cinye kusan rabi. Sannan fiffike ya fara murɗewa, hanci yana neman duƙawa, jela ce za ta riƙe shi, jelar da mai zanen ya auna babu filaf a lissafinsa. Ƙashin baya na fiffiken ma don rufe fata da ɗaukar eliron aka yi shi, kai kuma za ka rataya masa kaya.

Wani mutum ya taɓa kawo min nasa, mai baki kamar zuma, Oga kaza Oga kaza, lallai sai filaf. Na rubuta wa mai zanen jirgin na jira amsa, na buɗe fiffike biyun, na ƙarfafa ƙashin baya, na ƙera sabbin haƙarƙari, na haɗa filaf ɗin hagu da na dama da bututun ƙarfe guda ɗaya don kada wani ya sauka ya bar ɗan'uwansa, don in haka ta faru kusa da ƙasa jirgi mirginawa zai yi kuma eliron ba lallai ya tare shi ba. Watanni ina kan aikin nan ina korar wasu ayyukan, abin da ya ba ni na kafin alƙalami ko alminiyam da ribit bai gama saya ba, na cika daga aljihuna. Da hannuna na zana masa farin layi a mitar gudu, alamar gudun da aka yarda a saukar da filaf, na ce Alhaji, allura ba ta shigo cikin farin nan ba kar ka taɓa libar filaf. Ya ce ai ya sani.

Ranar da ya tara abokansa su ga jirgi, ya iso kan fili yana sama da yawa, maimakon ya zagayo sai ya fizgo liba har ƙarshe yana cikin gudun tafiya. Ƙarfin iska ba bi da bi yake hawa ba, ka ninka gudu sau biyu ya ninka sau huɗu. Mariƙan hinji suka lanƙwashe, fata ta yamutse, kawunan ribit suka tsinke. Allah ya sa bututun nan ya riƙe, duka biyun suka lanƙwashe tare, ya sauka da ransa. Bututuna ne sanadin tsirarsa, amma ka san me ya ce? Wai aikina ne ba inganci. Cikon kuɗi ya hana, ya bi masu jirage yana ɓata min suna, na yi tafiya ya zo ya kwashe jirgin ya haɗa har da jig ɗin da na ƙera, wato ma'aunin da ke riƙe sassa daidai wajen haɗawa, da takardun lissafina. Wanda ya zauna kusa da shi ranar ne ya faɗa min daga baya cewa allura ta wuce farin layi nesa ba kusa ba, amma ya ce ba zai tsaya shaida ba. Ba a jima ba na ga wani gareji yana yi wa irin jirgin filaf, da jig ɗina, ramukan da na huda na gane su. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To birkin iska fa. Shi ya fi sauƙi in ja kawai kake so. Long-EZ na Burt Rutan allo ne a ƙarƙashin cikinsa yake buɗewa, don jirgi irinsa mai ƙaramin fiffike a gaba ba ya son filaf, in ka ƙara wa na baya ɗagawa na gaban ba zai iya riƙe hanci ba. Allon bai taɓa fiffike ba, amma bai rage maka gudun sitol ko kaɗan ba, kuma a Long-EZ yana tare iskar da ke sanyaya inji, ka manta shi a buɗe kana hawa inji ya ɗau zafi. Birkin iska masu fitowa a saman fiffike irin na gilaida, jirgin da ba shi da inji, ka manta da su, ba sa'anka ba ne tukuna.

Ko wanne ka zaɓa ka tuna da fasa sauka, wato ka sake hawa sama alhali filaf ko birkin yana ja maka baya. Cessna da kanta ta rage filaf ɗin 172 daga digiri 40 zuwa 30 a 1981, balle naku mai ƙaramin inji.

Ka rubuta wa mai zanen kafin ka ɗau almakashi. In ya yarda, a sake auna jirgin a kan sikeli, a gwada can sama mataki mataki, a Amurka ma canji irin wannan sai jirgi ya koma gwaji na aƙalla awa 5. Kuma mai jirgin ya sa hannu a takarda cewa an faɗa masa iyakar gudun filaf, ya biya ka cif kafin taya ta bar gareji.