Inci 6 ko inci 8: wane teburin juyi ya dace da ƙaramin injin milin?

Ɗan'uwa, ka ce faɗin teburin injinka na milin (injin yankan ƙarfe da baki mai juyawa) milimita 160 ne, kana son yanka da'ira da huda ramukan noti a kewaye, wata rana ma ka fitar da haƙoran giya, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin teburin juyi (wanda ake ɗaure aiki a kai a juya shi da hannu) mai inci 6 da mai inci 8. Ɗauki mai inci 6. Amma kafin ka biya, ɗaga kan injin har ƙarshe ka auna daga bakin sifindil, wato sandar da ke riƙe bakin yanka tana juya shi, zuwa fuskar tebur, domin tsayi ne ke fara ƙare wa mutum tun kafin faɗi.

Ga lissafin. Mai inci 6 idan yana kwance yakan ci kusan milimita 80. Farantin da za ka ɗaura cok (abin da ke damƙe aikin) a kai ya ci 15, cok mai milimita 100 ya ci wajen 55. Ka ga 150 sun tafi, ko aikin ba ka ɗora ba. Daga sama kuma cok na huji da bakin huji mai milimita 10 za su ci fiye da 150, sannan kana buƙatar sararin zare bakin ka sa wani. Mai inci 8 ya haura milimita 100 a tsayi, nauyinsa kusan kilo 30, alhali mai inci 6 bai wuce kilo 12 zuwa 13 ba. Wannan nauyi yana danne ƙaramin tebur idan ka tura shi gefe, gindinsa kuma yakan bugi ginshiƙin injin kafin tsakiyarsa ta zo ƙarƙashin sifindil. Teburin da tsakiyarsa ba ta isa ƙarƙashin sifindil ba, ba shi da amfani a injinka.

Abin da ke jan mutane zuwa babba gaskiya ne: kilam, wato ƙarafan danne aiki a kan tebur, suna cin wuri, inci 6 kuma da wuya ya riƙe aikin da ya wuce inci 4. Maganinsa farantin alminiyon mai faɗin milimita 200, kauri 15 zuwa 20, ka ɗaure shi a kan teburin, ka huda masa ramukan M6 masu zare, wato na noti mai milimita 6. Ka sami faɗi ba tare da ka ƙara nauyi sosai ba, kuma idan bakin yanka ya nutse ya ci farantin, ba abin kuka ba ne.

Nemi wanda ake iya kwantarwa a kuma tsayar, don yankan giya a tsaye ake yinsa. Ka duba ramin tsakiya ya zama MT2, wato rami mai tsukewa na ma'aunin Morse lamba 2, kamar na teburin Vertex HV-6. Ramukan T, wato tsagogin fuskar tebur da ake zura kan noti a ciki, guda huɗu sun fi uku sauƙin ɗaure abu mai kusurwa huɗu, kodayake uku sun fi dacewa da cok mai noti uku ta gaba.

Sai zancen wom, wato sandar nan mai zare da hannu ke juyawa. Yawancin masu inci 6 suna da 90:1, wato juyin hannu 90 ke zagaya teburin sau ɗaya, juyin hannu ɗaya digiri 4 ke nan. Ƙananan kamar na Sherline mai inci 4 suna da 72:1, digiri 5. Tunda kana da niyyar giya, sayi farantan rabo, wato masu raba da'ira kashi-kashi daidai, tare da teburin, guda uku masu layukan ramuka daga 15 zuwa 49. Raba 90 da adadin haƙora, ka sami juyin hannu na kowane haƙori. Haƙora 24: juyi 3 da ramuka 15 a layi mai 20. Kashi 7: juyi 12 da ramuka 18 a layi mai 21. Kar ka ƙirga ramin da fil ɗin hannun ke ciki. Wannan kuskure shi ke sa haƙorin ƙarshe ya fito da kauri fiye da sauran bayan an gama wahala.

Kada sakan 10 da aka rubuta a ma'aunin hannu ya ruɗe ka (sakan na kwana ne, kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri). A bakin tebur mai inci 6 sakan 10 bai kai milimita 0.004 ba, kuma wom ɗin masu araha bai kai wannan daidaito ba. Abin dubawa shi ne wasa, wato sakin da ke tsakanin wom da giyar teburin. Saki makullan, kama teburin da hannu biyu ka murɗa dama da hagu. Idan ya yi ƙas-ƙas, akwai hannun riga mai karkatacciyar tsakiya da ake juyawa don matso da wom kusa da giya. Gyara shi, sannan ka zagaya digiri 360. Idan ya yi tauri a wani wuri ya saki a wani, giyar ba ta zauna a tsakiya ba, kuma wannan ba ya gyaruwa da sukuru. Mayar wa mai shi. Sabo kuwa, kwance shi ka wanke da kananzir, domin sau da yawa akwai yashin zubi a cikin giris ɗin.

Wajen aiki, sa agogon awo a sifindil ka zagaya cikin ramin MT2 har allura ta daina motsi, ka mayar da X (dama da hagu) da Y (gaba da baya) sifili, ka kulle Y. Yankan waje: matsa X da rabin faɗin aikin, ka ƙara rabin faɗin bakin yanka. Yankan ciki: ka debe shi. Kullum ka iso lamba ta ɓangare guda. Idan ka zarce, koma baya rabin juyi ka sake zuwa. Kulle teburin kafin kowane huji. Idan sifindil na juyawa irin na agogo, tebur ma ya bi agogo a yankan waje, ya saɓa masa a yankan ciki. Ka juya akasin haka, bakin zai fizgi teburin iyakar wasan da ke cikin wom, ya ɓata gefen aikin ko ya karye. A ƙarfe, fara da zurfin milimita 0.5, ka saurari ƙarar injin kafin ka ƙara.