Tambayi Mai Gyaran Wuta: Janareta Na Ɗaukar Dutsen Guga, Amma Ya Kasa Tada Sumo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da rijiyar burtsatse a gida, ina sayar wa 'yan garuwa ruwa. Sumon da ke ciki, wato injin da ke turo ruwan sama, mai doki 2 ne, kuma an ce mini doki ɗaya wat 746 ne, ka ga wat 1,492 ke nan. Na sayi janareta da aka rubuta 2.5 kVA a jikinsa, na ɗauka har da rara. Yana ɗaukar dutsen guga da hita tare, amma da na kunna sumo sai ya yi gurnani ya mutu. Cutata aka yi a kasuwa, ko kuwa? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a sana'a. Ban ga janaretan ba, amma bisa abin da ka faɗa, ba na jin an cuce ka. Lissafinka ne bai kai ƙarshe ba, kuma don Allah ka dakatar da gwada kunna sumon har ka gama karanta wannan.

Wutar Nepa da ta janareta ba miƙe take tafiya kamar ta batirin mota ba. Kai-komo take yi, zagaye 50 a daƙiƙa ɗaya, a kan bolt 230 a Najeriya. Idan ta shiga dutsen guga ko hita, duk abin da ya shiga zafi yake zama, babu abin da ke komowa. Amma sumo, fanka, firij da injin niƙa suna da naɗin koyil, kuma koyil sai ya haɗa maganaɗisu kafin ya juya. Wutar da yake ja don haɗa maganaɗisun ba cinye ta yake yi ba: ya karɓa ya mayar, ya karɓa ya mayar, a kowane zagaye.

Kai mai harkar ruwa ne, ka tuna janyo ruwa a rijiya. Ruwan da ke cikin guga shi ne ribarka, amma hannunka yana ɗaukar nauyin gugan da jiƙaƙƙiyar igiya a kowane ja, ka mayar da su ƙasa ka sake ɗagowa. Ruwan shi ne wat. Ruwa da guga da igiya gaba ɗaya su ne VA, wato bolt sau amfiya, kuma da wannan ma'aunin aka rubuta ƙarfin janaretanka, kVA ɗaya shi ne VA 1,000. Kason ruwan cikin dukan nauyin shi muke kira fawa fakto, za ka ga an rubuta PF ko cos φ a farantin inji. Na dutsen guga kusan 1 ne cif. Janareta da yawa a kan 0.8 ake auna su, ka ga 2.5 kVA wat 2,000 ke nan, ba 2,500 ba. Wasu ƙananan kuma lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe ita ce iyakar abin da za su jure na ɗan lokaci, ba na yini ba.

To, mu koma kan sumon. Wat 1,492 ɗin nan ƙarfin da yake fitarwa ne wajen tura ruwa, ba abin da yake sha ba. A ce kashi 75 cikin ɗari na wutar ne ke zama aiki, saura ya tafi a zafi, to yana shan kusan wat 2,000. Ka sa masa fawa fakto 0.85, ya zama VA 2,350, amfiya 10 da 'yan kai. Janaretanka kuwa duk ƙoƙarinsa bai cika amfiya 11 ba. Ko da ya tashi, a bakin gaɓa za su yi ta tafiya.

Babbar matsalar ma a tashin take. Irin wannan inji kafin ya ɗauki gudu yana fizgar wuta ninki huɗu zuwa shida na abin da ya saba, amfiya 40 zuwa 60 na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Janareta ya kasa bayarwa, boltej ya faɗi, injin ya tsaya cik yana shan wuta ba ya juyawa. Gurnanin da kake ji ke nan. A wannan tsayuwar koyil ke gasuwa.

Na taɓa zuwa wata makarantar allo inda aka yi ta maimaita wannan gwajin har kwana uku, yara na jira da jarkoki. Da muka zaro fayif ɗaya bayan ɗaya muka fito da sumon, muna buɗe shi warin ƙonannen fenti ya bugi hancinmu, wayar tagullar ta koma baƙa ƙirin, tana ɓarewa a yatsa. Kuɗin karo-karon iyaye ne ya ƙone a wurin, kuma har yau abin na ci mini rai, domin da an tambaya tun ranar farko da ba a kai nan ba.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka sa mai gyara ya buɗe akwatin sumon da ke sama ya gwada kondensa. Ita ke taimaka masa tashi, kuma idan ta kumbura ko ta yi rauni, ko babban janareta ka kawo zai sha wahala. Ya duba waya ma: siririyar waya mai tsawo daga janareta zuwa ƙasan rijiya tana cinye boltej a hanya. Idan duk suna lafiya, to nemi janareta mai 5 zuwa 6 kVA. Ni da zan zaɓa, na 6 zan ɗauka, musamman tunda kullum za a yi ta aiki da shi cikin zafin bazara. Ka bar shi ya yi minti biyu yana gudu, ka kunna sumo shi kaɗai tukuna, bayan ruwa ya fara zuba a tanki sannan a jona sauran kayan gida. Ranar gwaji a maƙala mitar amfiya a waya, a gwada abin da ta nuna da lambar da ke farantin sumon. Ka rubuto mini lambobin biyu in duba maka.