Amsa: Sojan labarinka da biyayyarsa ta makanta

Malam, ka tambaya yadda za ka rubuta sojan da ke bin umarnin ƙungiyar addini ido rufe, ba tare da ya zama dodo a idon mai karatu ba. Shawarata, ka leƙa tarihin mayaƙan Tutonik, ƙungiyar Jamusawa da aka kafa a Akka, wani birni a gaɓar tekun Bahar Rum, a 1190. Da farko jinyar marasa lafiya suke yi, daga baya suka ɗauki takobi, suka auka wa mutanen Furusiya, wani yanki a arewacin Turai, daga 1230 da sunan shigar da su Kiristanci.

Kowane mayaƙi yana rantsuwa uku: ba aure, ba dukiya, sai biyayya. Ko wasiƙar gida ba ya buɗewa sai da izinin shugaba. To wanda aka raba da uwa da uba, abincinsa da farar alkyabbarsa duk na ƙungiya ne, da wane baki zai ce a'a?

Saboda haka kada ka cika masa baki da wa'azi, yana gundura. Nuna shi yana raba gurasarsa da maraya da safe, da la'asar kuma ya cinna wa ƙauyen yaron wuta don an ce ya cinna.