Shekarar share fage kafin digirin kwamfuta: amsoshin wasiƙunku

Tun da sakamakon jarrabawa ya fito wasiƙun da ke zuwa mini kusan duk maganarsu ɗaya ce, yaro na son karanta kimiyyar kwamfuta amma ƙofa ba ta buɗe ba. Na zaɓi uku, kuma ta farkon ce za ta ci mana lokaci.

Wani mahaifi daga Daura ya rubuto: “Malam, ɗana ya gama sakandare. Yana da kiredit a Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, amma D7 ya samu a lissafi, a JAMB kuma 158. Yaron yana da hannu, duk wayar da ta rikice a unguwarmu shi ake kawo wa. Wani ya ce akwai cibiyar da za ta karantar da shi shekara ɗaya ta kai shi aji biyu na jami'a ba tare da JAMB ba, kuma gurbi tabbas ne. Ina shirin sayar da sa in biya. Me ka gani?”

Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin san ya bar turke. Ka bar shi a ɗaure tukuna.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka D7 ɗin nan ce, makin JAMB yana bayanta. Kiredit daga C6 yake farawa, kuma jami'a tana neman kiredit biyar ga mai son kimiyyar kwamfuta, ciki har da Turanci da lissafi da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu. Babu shekarar share fagen da za ta goge wannan sharaɗi. Ko wace hanya yaron zai bi, sai ya sake zama jarrabawar lissafi ta WAEC ko NECO, kuma akwai ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Kuɗin farko da za ka fitar nan ya kamata ya tafi, tare da malamin da zai zauna da shi kullum.

Na daɗe ina koyar da lissafi, shi ya sa nake nanatawa. Gyaran waya baiwa ce, kuma sana'a ce mai albarka. Amma abin da zai tarar a aji daban ne: aljabara, kalkulas, ƙididdiga, mantiƙi, sai algoridim, wato tsara matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya yadda na'ura za ta bi ba tare da ta ɓata ba. Ita kanta kalmar daga sunan Al-Khawarizmi ta fito, malamin lissafin nan da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9. Yaron da ya shiga da raunin lissafi yakan lallaɓa a shekarar farko, a ta biyu kwasa-kwasai su fara bin sa bashi. Amfanin shekarar share fage ke nan a wurina, ta toshe wannan ramin. In ba ta toshe shi ba, an kashe kuɗi an ci shekara.

Share fagen kuma iri biyu ne, mutane suna haɗa su. Akwai rimidiyal, wanda jami'a ke shiryawa da kanta. Ɗalibi yana maimaita darussan sakandare, in ya ci, ya kuma zauna JAMB ya kai makin da aka yanka, sai a ɗauke shi aji ɗaya, yawanci a wannan jami'ar kaɗai. Jimilla shekara biyar ke nan. Akwai kuma IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, da takwararta JUPEB da ta fi ƙarfi a kudu. A nan darasi uku ake ɗauka a zurfafe, ga mai son kwamfuta yawanci lissafi da Fiziks da Kemistiri, na kusan shekara guda. Wanda ya samu maki mai kyau yana neman shiga aji biyu kai tsaye, ya gama cikin shekara huɗu kamar kowa. A jiharmu ta Katsina ma akwai makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, tana yin duka biyun.

To ga inda mutumin naka ya karkata magana. Gaskiya ne mai IJMB ba ya zama jarrabawar JAMB, amma dole ya sayi fom ɗin shiga kai tsaye a hannun JAMB, kuma gurbin sai ya fito ta manhajarsu ta CAPS. Gurbin da bai bi ta nan ba yakan tashi da mutum ranar da zai tafi bautar ƙasa, a duba jerin JAMB a rasa sunansa. Sannan babu mai iya yi maka alkawarin gurbi, domin jami'a ce ke yanka maki gwargwadon yawan masu nema, kwamfuta kuwa tana cikin fannonin da ake rububi. Na taɓa ganin yaron da ya yi shekara a wata cibiya, ranar jarrabawa aka gano ba a yi musu rajista ba. Har yau ina tuna fuskar mahaifinsa.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Daura zuwa Katsina ba nisa. Ka je Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke kan hanyar Dutsin-Ma, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Al-Qalam in aljihu zai ɗauka, ka tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai abin da suke karɓa bana da makin da suke nema. Kuɗi kuma a asusun makaranta ake biya, a karɓi rasit.

Ra'ayina a kan ɗanka: IJMB ta yi masa nauyi yanzu. Wanda bai riƙe lissafin sakandare ba, ɗora masa na gaba da shi zalunci ne, balle a jefa shi aji biyu ya tsallake shekarar da ake aza harsashi. Ya gyara lissafin, ya sake JAMB ko ya shiga rimidiyal. In kuma ka ga hannunsa ya fi kansa son aiki, difloma ta shekara biyu a kwalejin fasaha irin ta Hassan Usman Katsina hanya ce mai mutunci, kuma da sakamako mai kyau ana shiga jami'a da ita. Tun ƙarshen 2022 hukumar jami'o'i ta NUC ta ware kwamfuta ta zama fanni mai zaman kansa, da rassa kamar tsaron intanet, injiniyancin manhaja da fasahar sadarwa. Ku zauna tare ku duba, wataƙila abin da yake so yana ɗaya daga cikinsu.

Wata ɗaliba daga Ƙofar Ƙaura, Katsina: “Ina da kiredit tara. Wani ejan ya samo mini jami'a a Ingila, digirin kwamfuta mai shekarar share fage a gaba. Kawuna ya ce zai biya shekarar farko, sauran in yi aiki a can in biya. Me ya sa ma za su sa ni share fage bayan na ci komai?”

'Yata, ba raina ki suka yi ba. Yaran Ingila shekara 13 suke yi kafin jami'a, biyun ƙarshe a karatun da suke kira A-level, mu kuwa 12 muke yi. Digirinsu shekara uku ne, sai su ƙara wa mai WAEC shekara ɗaya ta cike giɓin, ya zama huɗu. Tsarin gaskiya ne, kuma mai amfani.

Lissafin kawunki ne bai fita ba. Ɗalibin waje a matakin digiri awa 20 kacal aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, a kwas ɗin da bai kai digiri ba kuma awa 10. Wannan da ƙyar yake riƙe haya da abinci, ina ga kuɗin makaranta da ake biya da fam. Ga kuɗin biza, ga harajin lafiya fam 776 kowace shekara, ga gwajin tarin fuka, ga kuɗin da za a nuna a banki kafin a ba ki biza. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi daga 2023 ya san abin da ake nufi da bashin fam. Shaidar share fage ita kaɗai ba digiri ba ce, in kuɗi ya yanke a shekara ta biyu za ki dawo da abin da ba zai kai ki ko'ina ba.

Ku zauna da kawu da mahaifinki a rubuta kuɗin shekara huɗu a takarda. In akwai mai ɗauka, ki rubuta wa jami'ar da kanki ki tambaya: share fagen a cikin digirin yake ko wani kamfani ne ke yin sa, kuma wane maki ake buƙata kafin a wuce? In babu, da kiredit tara ba ki buƙatar share fagen kowa a gida. Ki yi digirinki nan, ki fito da sakamako mai ƙarfi, ki nemi tallafin digiri na biyu, wanda a Ingila yawanci shekara ɗaya ne.

Wani ɗalibin share fage: “In sayi laftof yanzu ko in jira? Wace iri?”

Ƙanena, in kuɗin zai taɓa na jarrabawa, jira. In akwai hali kuwa ka saya, ka fara koyon Python, wato wani yaren rubuta manhaja, a hutun mako. Ba ka buƙatar sabuwa dal. 'Yar hannu ta ofis irin ThinkPad T480, HP EliteBook 840 G5 ko Dell Latitude 7490 za ta kai ka har ƙarshe. Ka nemi wadda ƙwaƙwalwarta (furosesa) Core i5 ce, zubi na 8 ko sama, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025, Windows 11 kuma daga zubi na 8 take farawa. RAM, wato wurin da take riƙe aikin da take kai, kada ya gaza giga 8, ma'ajiya ta zama mai sauri irin wadda ake kira SSD, mai giga 256.

Ko a Katsina za ka saya ko a titin Beirut na Kano, ka tafi da wanda ya san kan abin. A cire caja a bar ta tana aiki a gabanka ka ga yadda batir ke sauka, domin da irin wutarmu batir shi ne rabin kwamfutar. Ka danna kowane maɓalli, ka gwada kowace kafa, ka tabbatar ba a kulle BIOS, wato saitin da ke tayar da kwamfutar, da kalmar sirri ba, mai shago kuma ya rubuta maka kwanakin garanti a rasit. Daga cikin kuɗin ka rage na jaka mai zif, saboda ƙurar hunturu tana toshe fankar ciki.