Keken kishingiɗe da ka gani a waya, da keken guragun da muke ƙerawa

Yaro, ka tambaye ni me ya sa ba za mu koma ƙera keken guragunmu irin wanda ka nuna mini a waya ba, wanda mai shi yake kishingiɗe dab da ƙasa, ƙafafu a gaba suna murza feda, taya biyu gaba ɗaya baya. Tambayarka ta yi mini daɗi, don ta nuna ka fara kallon keke da idon maƙeri. Akwai abin ɗauka a jikinsa, amma kwafarsa sukutum ba zai amfani mutanenmu ba.

Keken ba sabon abu ba ne. Tun 1933 wani Bafaranshe, Francis Faure, ya hau irinsa mai taya biyu, ƙirar Charles Mochet, ya ci kilomita 45 da ɗoriya cikin awa ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan. A 1934 hukumar tseren keke ta duniya ta hana shiga gasarta da shi. Sirrinsa iska ce: wanda ya kishingiɗa bai tare iska da ƙirji ba. To, bawan Allahn da zai tashi daga ƙauyenmu ya nufi kasuwar Gujungu ran Lahadi, yana murzawa da hannu, ina ruwansa da iska? Rairayi ne abokin gabarsa, da ƙaya, da hawan gefen kwalta.

Duba hanyarmu. Amalanke ta haƙa rami biyu, ta bar tudu a tsakiya. Keken da mazauninsa bai fi taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa ba, cikinsa zai daki tudun nan, doguwar sarƙarsa, wadda sai an haɗa ta keke kusan uku, ta yi ta shan yashi. In kuma ya hau titi, direban babbar mota ba lallai ya hango shi ba. Sannan taya biyun gaban nan aiki ne ja. A kwana, dole ta ciki ta fi ta waje karyawa, in ba haka ba ɗaya ta riƙa jan ƙasa tana cin roba. Kowacce kuma ta gefe ɗaya kawai aka riƙe ta, don haka sandar da tayar take juyawa a kai sai mai kaurin milimita 12, ta keken gida lanƙwashewa za ta yi. Ran da wani abu ya karye a nan, mai facin ƙauye ba shi da shi, sai an tafi Kano. Namu kuwa, duk inda ake gyaran Raleigh ko Phoenix za a gyara shi.

Yanzu abin da nake so ka ɗauka. Na farko mazauni. Yawancin kekunan guragun da ake kawo mana gyara, an ɗora kujerar can sama, mutum yana zaune kamar buhu a kan jaki. Keke mai taya biyu yana karkata a kwana, mai taya uku ba ya karkata, don haka nauyin mai shi ne yake fizgar sa waje, tayar ciki ta ɗaga, sai kifewa. Wanda shan inna ya taɓa ba shi da ƙafar da zai kai ƙasa ya tare, kafaɗa da fuska ne za su karɓa. Saboda haka ka sauke kujerar iya yadda hanya za ta bari, ka bar wa ƙasan keken sararin tsallake tudun amalanke kawai. Hawa ma ya fi masa sauƙi, tunda daga ƙasa yake ɗago jikinsa da hannu.

Inda kujerar za ta zauna tsakanin gaba da baya, nan ne gwanintar take, kuma nan ne nake so ka daɗe kana tunani kafin ka kunna injin walda. In ka kai ta bayan sandar tayoyin baya, da ya zo hawa gaban keken zai tashi ya kifar da shi ta ƙeya. In ka matso da ita gaba sosai, a kwana zai faɗi ta kusurwar gaba, inda babu taya. Ga kuma wani abu: tayar gaba ce take jan kekenmu. In babu nauyi a kanta, cikin rairayi za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, mutum yana zufa keke bai motsa ba. Ni ina sa kwankwason mai keken ya faɗo kaɗan a gaban sandar baya, in ɗana da ɗigon walda kawai, in ɗora shi ya zagaya, ya shiga yashi, ya hau tudu, sannan in ƙone gaba ɗaya. In zai riƙa ɗaukar kaya a baya, buhun gawayi ko jarka, da kayan za a gwada.

Na biyu majingina. Mai keken kishingiɗe da bayansa yake tokarewa ya tura feda. Namu ma haka ne, sai dai da hannu. In majinginar ta yi laushi ko ta yi gajarta, rabin ƙarfinsa a banza yake tafiya. Ka yi ta da ƙarfi, ta ɗan kwanta baya kaɗan, soso mai kauri a mazauni, don wanda yake wuni a zaune gyambo ba ya masa wuyar kamawa.

Su can suna da bututun da ake ja gaba ko baya a daidaita feda da tsawon ƙafar mutum. Mu sai mu huda ramuka a jere a ƙarfen da kujera take kai, musamman in na ɗan makaranta ne da zai girma. Awon shi ne: ya jingina, ya kama mariƙi ya tura ƙarshen nisa, gwiwar hannu ta rage ɗan lanƙwasa. Tsakiyar abin murzawar ya tsaya daidai ƙirji, kada ya wuce kafaɗa. Kuma ka juya hannayen biyu su kalli wuri ɗaya, ba ɗaya sama ɗaya ƙasa irin na feda ba. In suka saɓa, kowace murzawa tana karkatar da kan keken hagu da dama.

Kar ka ɗauko farantin sarƙa na keken gida mai haƙori 44 da ƙarami mai 18 ka ɗora yadda suke. A taya mai inci 28, murzawa ɗaya ta fi mita 5, aikin cinya ne wannan. Ka sa mai 28 da mai 22, ya dawo ƙasa da mita 3, hannu zai iya har cikin yashi.

Tayoyin baya kuwa matsi suke sha ta gefe, shi ya sa kake ganin suna karkacewa. Ka ɗaure wayoyinsu tamau, dukkansu, kada ka bar gurbi. Birki ma ka yi masa ƙugiyar da za ta riƙe shi a matse, don keken kada ya zame masa lokacin hawa da sauka.

Gobe in Allah ya kai mu, wancan da aka kawo yana ja hagu, kai za ka duba shi. Ka auna tsakanin tayoyin baya ta gabansu, ka auna ta bayansu, daidai tsayin sanda. In awon bai zo ɗaya ba, ka kira ni kafin ka taɓa guduma.