Furen teku ya ƙi zama inda aka ajiye shi: amsoshi ga masu akwatin ruwan gishiri

Tambaya: Malam, kwana 5 ke nan da na saka furen teku, wato anemon, a akwatina na kiwon kifin ruwan gishiri. Na ɗora shi a kan dutse daga gaba, inda kowa zai gan shi. Gari na wayewa na tarar ya koma bayan duwatsu. Na ɗauko shi na mayar, ya sake gudu, yau sau uku ke nan. Akwatin watansa 3 da haɗawa. Yaya zan yi ya zauna?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da cire hannunka daga ruwan nan. Sunan fure kawai aka ba shi, amma dabba ce, dangin murjani. Ba shi da ƙashi, ba shi da ƙwaƙwalwa, sai dai yana da ƙafa guda, faffaɗa mai mannewa, kuma da ita yake rarrafe a hankali har ya sami wurin da ya yi masa. Wurin da ka zaɓa don idonka ba lallai ya zo daidai da nasa ba. Duk ɓamɓarowar da ka yi, ka mayar da shi farkon bincikensa ne, ga kuma kasadar yage ƙafar. Ƙafa in ta yage, ƙwayoyin cuta kan shiga, sau da yawa daga nan sai mutuwa.

Ba ka faɗi irin da ka saya ba, amma ina zaton mai kumburin kan yatsu ne (yatsun su ne zare-zaren naman da ke kewaye da bakinsa), Entacmaea quadricolor, don shi aka fi sayarwa kuma shi ya fi haƙuri da sabon mai kiwo. Ɗabi'arsa ita ce ya cusa ƙafa can cikin kogon dutse inda ba haske, ya miƙo yatsu waje su sha haske. Ka ga kuwa saman dutse sumul ba wurin zamansa ba ne. Da a ce mai dogayen yatsu ne, Macrodactyla doreensis, ko mai kama da darduma, Stichodactyla haddoni, su yashi suke nema su binne ƙafa, ko ka shekara kana ɗora su a dutse sauka za su yi.

Gudun da ya yi zuwa inuwa ma yana da dalili. A cikin namansa akwai wasu ƙananan gansakuka da ido ba ya gani, masana na kiran su zooxanthellae. Su ke sarrafa haske su ba shi kaso mai yawa na abincinsa. In ya fito daga shagon da fitilarsa ba ta kai taka ƙarfi ba, hasken zai yi masa yawa farat ɗaya, sai ya ɓuya. Ka rage ƙarfin fitilar, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako 2 zuwa 3. Da kansa zai leƙo.

Abin da nake so ka yi yau, kafin ka kwanta, shi ne ka rufe bakin duk wani famfon motsa ruwa da soso ko raga, haka ma bututun da ke zuƙar ruwa zuwa matata. Furen da bai sami wuri ba yakan saki dutse da daddare, ya kumbura, ya bi ruwa. Haka na rasa na farkon da na taɓa kiwo. Na kunna fitila da safe na ga ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, guntayen nama sun nannaɗe a jikin fankar famfon, kifayena biyu kwance a kan yashi. Guntun soso ɗaya da ya hana wannan asara.

Sai maganar wata 3. Gaskiya ka yi gaggawa. Ana son akwati ya kai wata 6, in da hali ma shekara, don ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta su kafu, ruwan ya daina hawa da sauka. Jikin wannan dabba kusan duk ruwa ne, abin da ya canza a akwati ya canza a cikinta. Tunda aikin gama ya gama, sai ka tsaya kan awo. Gishiri ya zauna a 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi digiri 24 zuwa 26, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 8.1 da 8.4, amoniya da naitirayit kuwa, gubar da ƙazanta ke haifarwa, sifili. Tsayuwar lambobin wuri ɗaya ta fi dacewarsu daidai-wa-daida muhimmanci. Ruwan da ya bi iska ka cike gurbinsa kullum da tataccen ruwa marar gishiri, domin gishirin bai tafi ko'ina ba, yana nan a ciki. Kada kuma ka kuskura ka zuba maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe, guba ne gare shi.

Tambaya: Malam, nawa furen ya kama dutse lafiya, amma jiya da yamma ya motse kamar tsumma, wani abu ruwan ƙasa mai yauƙi yana fita daga bakinsa. Mutuwa zai yi?

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki. Kafa ɗaya gare shi, wato bakin, ta nan abinci ke shiga, ta nan kashi ke fita. Lokaci-lokaci yakan matse ruwan jikinsa duka ya sake ɗibar sabo, bayan 'yan sa'o'i ki gan shi ya cika kamar ba shi ba. Abin dubawa shi ne bakin da ƙafar. In baki a tsuke yake, ƙafa na riƙe da dutse gam, yatsu na kama abinci in ya taɓa su, to lafiya lau. In kuwa baki ya wangame ya ƙi rufuwa, kayan ciki sun fito, ya saki dutse yana gangarawa, nama na zagwanyewa, sai ki sa safar hannu ki ɗago shi a kofi ki sansana. Warin mataccen furen teku ba ya ɓuya. In ya mutu ki fitar da shi nan take, ki canza wani kaso na ruwan, ki sa gawayin tace ruwa.

Ina kuma zargin kin ba shi loma babba. Guntun jatan lande ɗanye, wanda bai wuce girman bakinsa ba, sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Abin da ya fi haka amayo shi yake yi ya ruɓe a ruwa.

Tambaya: Na ga wani furen teku fari fat mai ɗigon shunayya a kan yatsu, ya ba ni sha'awa ƙwarai. In saya?

Amsa: Ni dai ba zan saya ba. Kwatancenka ya yi kama da Heteractis crispa, kuma farin nan ba ado ba ne, alama ce ta cewa gansakukan cikinsa sun fita, yunwa yake ji. Mai lafiya launinsa kan ja zuwa ruwan ƙasa ko toka-toka. Akan farfaɗo da irinsa da ciyarwa a kai a kai da haske mai sauƙi, amma aikin watanni ne, kuma na wanda hannunsa ya faɗa. In za ka sayi wani, nemi wanda aka haifa a akwati ta hanyar rabewa biyu, ka ce a juya maka shi ka ga ƙafar, in ma yana manne da ƙaramin dutse a haɗa maka da dutsen. A gida ka bar ledar da ya zo a ciki ta yi iyo a akwatin minti 20 zafi ya daidaita, sannan ka riƙa ɗiga mata ruwan akwatinka har kusan awa ɗaya. Ka kashe famfo lokacin sakawa har sai ya kama.

Tambaya: Kifayena masu ratsin fari da ruwan lemo, kilawun, waɗanda aka sani da zama cikin furen teku, ko kallon nawa furen ba sa yi.

Amsa: Ba dole ne su shiga ba. Cikin nau'in furen teku sama da 1,000, kusan 10 ne kawai ke karɓar waɗannan kifaye, kuma kowane kifi da irin da ya saba da shi a teku. Amphiprion ocellaris, wanda aka fi kiwo, ba mai kumburin kan yatsu ne gidansa na asali ba, ko da yake a akwati yakan shiga bayan makonni ko watanni. A yanzu ma alheri ne. Kifi babba in ya sami ƙaramin fure sabon zuwa, da goga jiki da tura kai cikin baki sai ya hana shi buɗewa, har sai an kifa wa furen kwandon roba mai huji na 'yan makonni kafin ya murmure.