Yashi da tsakuwa ne ke cin bangon kogi, ko ruwan ne da kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karatun labarin ƙasa. A hotunan kogunan da ke ratsa duwatsu nakan ga bangon dutsen ya yi sumul, wani wurin ma an rarake shi daga ƙasa har saman ya yi rumfa a kan ruwa. Yaya ruwa, da laushinsa, yake cin dutse ta gefe haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ruwa tsantsa ba ya yi wa dutse mai tauri ɓarna sosai, in ban da irin dutsen farar ƙasa wanda yake narkewa a hankali. Mafi yawan aikin na kayan da ruwan ya ɗauko ne, wato yashi da tsakuwa da ɓaraguzan duwatsu, waɗanda suke zame masa magagari. Yawancin yashin kogi ma'adinin kwaz ne (quartz da Turanci), wani ma'adini mai ƙyalli kamar gilashi, wanda taurinsa ya kai 7 a ma'aunin Mohs na auna taurin ma'adinai mai matakai 10, alhali ma'adinin farar ƙasa yana mataki na 3 ne kawai, saboda haka duk ƙwayar da ta bugi bango ko ta goge shi takan ɓantare ɗan abin da ido ba ya gani. Girman ƙwayar ma yana da tasiri, domin tsakuwar da ta ninka wata sau biyu a faɗi ta ninka ta sau takwas a nauyi.

Abin da ya fi jan hankalina a tambayarka shi ne kalmar "gefe", domin nauyi ƙasa yake jan tsakuwa, kuma da a ce shi kaɗai ke aiki, da kogi zurfi kawai zai riƙa yi ba faɗi ba. Tun a 1877 masanin duwatsu ɗan Amurka, Grove Karl Gilbert, ya lura cewa kayan da kogi ke ɗauke da su aiki biyu suke yi masu karo da juna. Idan ba su da yawa, sai su riƙa tsalle suna saran falalen dutsen da ke ƙasan ruwa, kogin ya ƙara nitsewa ya zama matsattsen kwazazzabo. Idan kuwa suka fi ƙarfin ruwan, sai su kwanta su lulluɓe ƙasan kamar bargo, su kare shi daga sara. A wannan hali bango ne kaɗai ya rage a fili, kuma tsakuwar da ke tafe tana cin karo da manyan duwatsun da suka kwanta, tana kaucewa hagu da dama, ta je ta daki bangon. Da yake tsakuwa ba ta tashi sama sosai, dukan yakan taru a gindin bango, kuma wannan ne asalin rumfar da ka gani. Idan rarakewar ta yi nisa, saman yakan rasa madogara ya rufto, kogin ya faɗaɗa, ɓaraguzan kuma su zama sababbin makamai a hannun ruwa.

Sumul ɗin da ke can sama kuwa galibi aikin yashi ne mai laushi, wanda ruwa ke ɗagawa lokacin ambaliya, musamman a kan kwana, inda igiyar ruwa take karkata zuwa bangon waje.

Masu bincike sun auna wannan a kogin Liwu na Taiwan, inda suka gano cewa ambaliyar da mahaukaciyar guguwar Bilis ta haddasa a shekarar 2000 ta fi cin bangon kwazazzabon daga sama, yayin da cikar ruwa ta yau da kullum ita ce ta fi zurfafa ƙasansa. Shi ya sa idan ka tarar da kogi ya kwanta da rani, bai kamata ka auna ƙarfinsa da abin da ke gabanka ba. Dubi iyakar inda sumul ɗin ya tsaya a jikin bango, nan ne ruwa mai yashi yake kaiwa idan ya cika.